Gurbin da Babanki Bai Cike Ba

Shawano, Wisconsin
21 ga Mayu, 2024

Zuwa ga 'yata Corinne,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da jikata Josie, ya tsare ku daga sanyin tekun Kodiak, ya kuma sassauta wa yarinyar nan ciwon asmar da ke hana ta wasa. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan babanki, ya ba mu ƙarfin ɗaukar rashinsa. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Gwaggonki Bev ta fara taka ƙafar da aka yi wa aiki, har ta koma tuƙi, duk wanda ya hango motarta a layinmu sai ya koma gefe ya ba ta hanya. Furannin da babanki ya dasa bakin taga sun fito, ba su san abin da ya faru ba.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wajena, ni da ko katin Kirsimeti sai babanki ya tsaya a kaina nake rubutawa. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, sau uku ina ajiyewa. Maganar ba ta waya ba ce, don in na ji muryarki kuka zan yi, in na yi kuka kuma za ki tausaya mini ki faɗi abin da ba ki yi tunani a kai ba. Ba na son haka. Ki karanta a nutse, ki yafe mini rubutuna, kin san iyakar karatuna.

Ranar Talata ta makon jiya na je kamfanin cuku inda babanki ya yi aiki shekara talatin da ɗaya. Na sa rigata mai ruwan toka, na ɗauki takardar shaidar mutuwarsa, na shiga ofishin ma'aikata don a fara maganar kuɗin ritayarsa. Wata mata ce a wurin, Misis Pruitt, mai kirki, har shayi ta ba ni, ta ce duk kamfanin babu wanda bai san dariyar Duane ba. Ta nemi takardar aurenmu. Na ciro katin nan mai zanen kurciya da Fasto Lindgren ya sa wa hannu, na haɗa da hoton bikin na miƙa mata. Ta daɗe tana duba katin, gaba da baya. Sannan ta sassauta murya ta ce katin yana da kyau, amma ta gwamnati take nufi, mai hatimin gunduma. Na ce babu. Ta danna kwamfutarta, ta juyo da ita ta fuskance ni, ta ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta wanda zai gaji asusun in mai shi ya mutu. Sunanki ne a wurin, Corinne. Naki kaɗai, da kwanan watan wata shekara da ban ma san babanki ba tukuna. Na duba sama, na duba ƙasa, ko zan ga nawa a wani lungu. A nan ne na gane. Shayin nan yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi, sai ita ta karɓa.

Yanzu dole in gaya miki abin da muka ɓoye miki shekara goma sha shida. Kin tuna bikinmu a bayan gida, ƙarƙashin itacen tufa? Kina da shekara goma sha ɗaya, an sa miki riga rawaya, kin riƙe furanni kina ɓata rai don takalmin ya matse ki. Fasto ya yi mana addu'a, muka yi alkawari gaban Allah da gaban mutane, aka ci kifi da dankali har aka bar saura. Duk wanda ya zo ya tafi da sanin an ɗaura aure, kuma ni har gobe na san an ɗaura. Amma ba mu taɓa zuwa ofishin gunduma mun yanki takarda ba. A idon gwamnati ni ba matar babanki ba ce, wata mata ce kawai da ke zaune a gidan.

Dalilin kuwa shi ne Gene, mijina na fari, wanda motar katako ta kashe. Ya yi shekara ashirin da biyu ana yankar albashinsa ana zubawa a asusun tsufa na gwamnati, kuma doka ta ce matarsa za ta iya fara karɓar rabonsa in ta kai sittin, muddin ba ta sake aure kafin nan ba. Ina da arba'in da huɗu a lokacin. Babanki ne ya zaunar da ni a teburin kicin ya ce, Darla, bawan Allah nan ya yi wa kuɗin nan gumi, don me za mu zubar da shi saboda takarda guda? Ya ce Allah ya riga ya gani, gwamnati kuwa ta jira, ai ita ma ta saba sa mutane jira. Ba mu kaɗai muka yi haka ba, a cocinmu ma na san gida biyu. Fasto bai so ba, ya ja mana kunne, daga baya ya haƙura. Muka ce ranar da na cika sittin za mu je mu gyara. A lokacin sittin tana da nisa kamar wata ƙasa.

A shekarar ce kuma kamfaninsu ya kawo sabon tsarin ajiyar ritaya, wanda suke kira Roth. Kin san tsohon tsarin, ana ɗibar kuɗin a zuba kafin a cire haraji, sai ka tsufa ka zo ɗauka sannan gwamnati ta yanki nata. Sabon kuwa a juye yake: a cire haraji yau, abin da ya rage shi ake zubawa, in ka tsufa kuma duk abin da ka tarar naka ne, har da ribar, babu mai taɓa maka. Babanki ya dawo gida da ɗan littafin bayanin yana murna kamar an ba shi kyautar jirgin ruwa. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa tsiya. Lonnie, wanda kika gani yana kuka a jana'iza fiye da kowa, ya ce masa, kai Duane, duk duniya mutane guje wa mai haraji suke yi, kai ne ka bi shi da gudu kana cewa tsaya ka karɓa? Babanki ya ce masa, yi dariyarka, tsohon banza, ranar da ka tsufa haƙoranka suka zube, gwamnati za ta zo ta zauna a teburinka ta ci rabin tuwonka, ni kuwa ni da matata za mu ci namu mu kaɗai. Kuɗi mai tsabta, haka yake kiransa. Ya ce ba ya son ya kwanta a tsufansa da sanin akwai hannun wani a aljihunsa.

Abin da ba ki sani ba, ko kika sani ba ki lura ba don kina yarinya, shi ne yadda aka cika asusun. Wurin aikina, ɗakin wanki na gidan kula da tsofaffi, ba su da irin wannan tsari. Kamfanin babanki kuwa in ka zuba, su ma suna ƙara maka wani abu. Sai muka yi shawara a tara komai a wuri ɗaya, a wajensa. Ya ce a riƙa yankar albashinsa iyakar abin da za mu iya jurewa, kuma tunda an riga an cire haraji, abin da ke isowa gida ranar biya ya zama ɗan kaɗan, abin tausayi. Da albashina muka ci, da shi muka biya wuta da gas, da shi aka saya miki takalman makaranta. Shekara goma sha shida ina naɗe zannuwan gadon mutane, ina ɗaga jiƙaƙƙun barguna daga wannan inji zuwa wancan, don nasa ya tafi can ya kwanta ya yi ƙiba. Ban taɓa ganin abin a matsayin nasa ba, shi ma bai taɓa cewa nawa ba. Namu yake cewa. Duk wata uku in takardar asusun ta zo, sai ya manna ta a jikin firji ya ce, tsohuwa, zo ki ga ɗanmu ya ƙara tsawo.

Kin sha wahalar wannan ajiya ke ma, ban manta ba. Kin tuna yadda yake bin bayanmu yana rage zafin hitar ɗumama gida, ki ce masa Baba yatsuna sun ƙage, ya ce ki ƙara suwaita, ai tumaki ba su da hita kuma ba su mutu ba. Kin tuna ni da almakashi ranar Lahadi ina yanko takardun rangwame daga jarida, kina jin kunyar bin mu kanti don kada ƙawayenki su gan mu. Waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne shekarar da kika samu gurbin karatun jinya a Green Bay, kika roƙe shi ya rage zubin na shekara biyu kawai ya taimaka miki. Ya ƙi. Ya ce yaro yana da shekaru a gabansa da zai nema, tsoho ba shi da su. Kika juyo kika dube ni, kika ce Darla ki yi masa magana mana. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da goge tebur. Na goyi bayansa, Corinne, don ina tsoron tsufa da talauci, na ga irinsa kullum a wurin aikina. Bayan wata huɗu kika hau jirgi kika tafi Alaska aikin kamfanin kifi, ba ki yi karatun ba har yau. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan wannan ba. Ina ba ki yanzu, kuma na san lokacin da na zaɓa bai yi kyau ba, don zai yi kama da haƙurin mai neman wani abu. Ki ɗauke shi yadda kika ga dama, amma da gaske nake.

Na cika sittin ranar tara ga Fabrairu. Da safe babanki ya kawo mini kofi har gado, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan kafet ya ce, 'yammata, ko za ki aure ni? Na ce masa tashi kafin gwiwar ta ƙage in rasa mai ɗaga ka. Ya ce shi ba zai tashi ba sai an ba shi amsa, shekara goma sha shida yana zaman jira, ko saurayin ƙauye ya gaji. Na ce to na ji, zan duba in ga ko babu wanda ya fi ka. Ƙarshe dai da hannuna na ɗaga shi, muna ta dariya kamar yara. Na ce mu je ofishin gunduma a makon nan a gama. Shi ne ya ce a'a. Ya ce wancan karon a ɓoye muka yi rabin abu, wannan karon yana son a yi shi sosai: a jira Yuni, ƙanƙara ta narke, itacen tufa ya yi fure, a aika miki kuɗin jirgi ki zo da Josie ta riƙe furanni, a gaya miki gaskiya baki da baki. Ya sa ranar goma sha huɗu ga Yuni. Ni kuma zan bar aiki ƙarshen watan, shi ya biyo ni a kaka. Har ya fara duba ƙaramin kwalekwale mai inji da wani mutum ke sayarwa a bakin tafki. Na yarda, don wata huɗu ba komai ba ne ga wanda ya jira shekara goma sha shida.

Sauran kin sani. Ƙanƙarar nan mai nauyi ta farkon Afrilu, wadda ba wanda ya zata. Na ce masa ya bar kwashe ta daga matakalar coci, akwai masu ƙuruciya. Ya ce in ya jira su sai Lahadi ta wuce. Ya ɗauki shebur ya fita da hantsi, ko hularsa bai ja daidai ba. Matar fasto ce ta same shi zaune a mataki na uku, shebur a kan cinyarsa, kamar mai hutawa. Da kika zo jana'iza kwana uku kika yi, gidan cike da mutane da kwanonin abinci, ban samu bakin gaya miki komai ba. Gaskiya ma ban san akwai abin faɗa ba. Na ɗauka maganar takarda ta mutu tare da shi.

Bayan na dawo daga wajen Misis Pruitt na yi fushi da shi, fushin da ban taɓa yi ba yana da rai. Na zauna a kicin ina yi masa faɗa da ƙarfi kamar yana jina. Na ce mutumin da ya san farashin man mota a kowane gidan mai na gunduma, mutumin da ke ajiye rasit ɗin batir na shekara bakwai, shi ne zai manta da sunana? Ashe duk lissafin nan naka ban shiga ciki ba? Kwana biyu ina haka. Ranar Alhamis Lonnie ya zo duba a-kori-kurar babanki don yana son saye, na shiga kwashe tarkacen ciki. Akwatin abincinsa na ƙarfe yana ƙarƙashin kujera tun ranar aikinsa ta ƙarshe. Na buɗe don in wanke, sai na ga takarda a naɗe cikin murfin, inda yake sa cokali. Fom ne na canza magaji. Ya cike shi da rubutunsa, manyan baƙaƙen nan nasa masu kama da shinge. Ya rubuta sunana, da ranar haihuwata, da lambata ta gwamnati, duk daidai. Gefen takardar ya yi laushi, ya sha maiƙo, alamar ta daɗe tana yawo da shi. Gurbi ɗaya ne kawai babu komai, inda aka tambaya mece ce dangantakarka da wannan mutum. Ƙasa kuma bai sa hannu ba.

Na nuna wa Lonnie. Ya cire hularsa ya zauna a bakin motar, ya ce kai, wannan mutum, wannan mutum mai taurin kai. Ya ce shekara uku ke nan da aka tara su a kamfani aka ce kowa ya duba sunan magajinsa, aka raba musu fom. Kowa ya cike nasa a tsaye ya miƙa, babanki ya tsaya yana cizon biro. Lonnie ya ce masa rubuta mata kawai mana, wa zai bincika? Babanki ya ce shi bai taɓa yin ƙarya a takardar da zai sa wa hannu ba. Lonnie ya ce to rubuta abokiyar zama, ko ƙawa, ai an yarda, ko maƙwabcinka kana iya sawa. Sai babanki ya harare shi ya ce, Darla ce ƙawa? Matar da ta binne uwata, ta rene mini 'ya, ita zan rubuta wa ƙawa wata yarinyar ofis ta karanta? Ya naɗe takardar ya sa a akwati ya ce zai cike ranar da zai iya rubuta kalmar da ta dace, kuma gaskiya ce. Lonnie ya ce duk bayan 'yan watanni sai ya tsokane shi, ango, an cike? Babanki ya ce masa saura kaɗan, sa ido.

To ka ji, Corinne. Ba mantawa ya yi ba. Ban san ko wannan ya fi sauƙi ko ya fi zafi ba. Wata rana in na tuna sai in ji kamar ya rungume ni, wata rana kuma in ji da yana nan da na kwaɗa masa akwatin a ka. Da ya rubuta ƙawa, da ya rubuta mai wanki ma, da yanzu ban zauna ina rubuta miki wannan ba.

Na koma da takardar wajen Misis Pruitt, ina tsammanin ko za ta yi amfani. Ta karanta, idonta ya kawo ruwa, amma ta ce takardar da ba sa hannu ba takarda ba ce. Ta ce da muna da shaidar gunduma, ko sunana bai fito ko'ina ba doka za ta ba ni, don mata ce ke gaba. Tunda babu, wanda aka rubuta shi ne mai shi. Gwaggonki Bev ta kai ni wajen wani lauya a Green Bay, ya saurare mu minti ashirin ya faɗi abu ɗaya da ita, ya ƙara da cewa jiharmu ba ta ɗaukar daɗewar zama a matsayin aure, ko shekara hamsin ne. A hanyar dawowa Bev ta yi ta zagin ƙanenta, ta ce tun yana yaro haka yake, in aka aike shi sayen burodi sai ya tsaya karanta abin da aka rubuta a jikin ledar. Ta ce in bar ta ta kira ki ta gaya miki abin da ya kamata ki yi. Na hana ta. Na ce in ta kira ki ba zan ƙara shiga motarta ba, ta ce wannan ai ba barazana ba ce, kowa ma haka yake cewa. Idan ta kira duk da haka, ki saurare ta don girmanta, amma ki sani ba ni na aiko ta ba.

Ga yadda abin yake. Kamfanin da ke riƙe da asusun zai aiko miki da takardu cikin makonni kaɗan. Kuɗin ya kai dala dubu ɗari biyu da tamanin da 'yan kai. Misis Pruitt ta ce mafi yawansa, wato abin da babanki ya zuba da ribarsa, za ki iya ɗauka ba a cire miki ko sisi ba, don an riga an biya harajinsa tuntuni. Ɗan abin da kamfani ya ƙara ne kawai za a yanki haraji a kai. Ta ce kina da shekara goma ki kwashe, ba gaggawa. Mai tsabta ne, kamar yadda ya yi ta faɗa. Kuma naki ne, halak malak, babu wanda zai iya tilasta miki komai, har da ni. Ta kuma ce in gaya miki kada ki sa hannu a takardar cewa kin yafe gadon da nufin ya zo wajena, don ba zai zo ba, wata hanya zai bi. In har wani abu zai iso gare ni, sai dai ki karɓa da sunanki ki ba ni da hannunki.

Gidan ba matsala, sunanmu biyu ne a kai, ba mai fitar da ni. Kuɗin Gene da muka yi duk wannan dominsa, na je na tambaya. Tunda a sittin zan fara karɓa, an rage shi sosai, ba zai kai ni ƙarshen wata ba in ga gas da magani da harajin gida. Na babanki kuwa na gwamnati ba ni da rabo, tunda ba matarsa ba ce a takarda. Na daɗe ina dariya a mota da na ji haka, irin dariyar da ba ta da daɗi.

Tun watan Maris na ba da takardar barin aiki. Har sun ɗauki wadda za ta maye gurbina, ni nake koya mata yadda ake ware kayan masu ciwo daga na sauran. Hannuwana sun lalace, Corinne. Sanyin ƙashi ya karkatar da yatsuna uku na dama, da safe sai na jiƙa su a ruwan zafi kafin in iya ɗaura igiyar takalmi. Wannan wasiƙar ma kwana uku na yi ina rubuta ta. Likita ya ce in na ƙara shekara biyu a ɗakin wankin nan, cokali ma sai an riƙe mini. Na gaya wa shugabarmu halin da ake ciki, ta ce za ta iya mayar da ni, amma sai dai aikin ƙarshen mako da ranakun hutu, kuma tana son amsa kafin bakwai ga Yuni. In babu asusun nan, shekara bakwai ke gabana a tsaye kafin in iya zama.

Na san halin da kike ciki ke ma. Na san kuɗin haya a tsibirin nan na Kodiak, na san maganin Josie, na san uban yarinyar bai aiko da komai ba tun bara. Na san da kuɗin nan za ki iya yin karatun da muka hana ki, ki sayi ɗan gida inda ba danshi, ƙirjin yarinyar ya huta. In kika riƙe duka, ba wanda zai ce kin yi sata, kuma wataƙila wani zai ce bashinki ne aka biya. Na auna wannan duka, na so in yi shiru in bar ki ki karɓi takardunki ki ɗauka babanki ya yi miki kyautar ƙarshe. Har na yanke shawarar haka ranar Asabar. Ranar Lahadi na kasa buɗe kwalbar magani da hannuna, na zauna ina kallonta, na san ba zan iya ba.

Don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba, roƙonki nake yi. Ki raba shi da ni. Ban ce rabi ba, ban ce kashi nawa ba, ke za ki duba ki gani. Abin da zai sa in zauna in huta da hannuwan nan kawai nake nema. Ban haife ki ba, kin gaya mini haka kina da shekara goma sha huɗu, a bakin ƙofar ɗakinki, kuma gaskiya kika faɗa. Amma ni na yi miki kitson ranar gama makaranta, ni na kwana biyu a jirgi da filin jirgi na zo na riƙe hannunki ranar da aka haifi Josie. Ba don in saya wani abu da su na faɗa ba. Na faɗa ne don ki sani ko kin ce a'a, waɗannan ba za su goge ba, ɗakinki yana nan, kuma zan ci gaba da aiko wa Josie safar ulu duk kaka muddin yatsun suna motsi.

Ki gaishe mini da Josie, ki sumbace ta a goshi, ki ce mata kakarta ta ajiye mata sandar fatsar kakanta, ƙaramar mai jan hannu. Gwaggonki Bev tana gaishe ki, da Baffanki Russ da iyalinsa, da Fasto Lindgren, wanda ya zo har gida ya ce shi ma yana da laifi a ciki. Lonnie ya ce in gaya miki motar tana hannu mai kyau.

Mai sassaƙa dutsen kabari ya kira sau biyu yana tambayar abin da za a rubuta ƙarƙashin sunan babanki, na ce ya dakata sai na ji daga gare ki. Shugabarmu ban ba ta amsa ba. Ranar goma sha huɗu ga Yuni tana nan a kalandar kicin da da'irar jan biro, ban goge ba. Takardar kuma na mayar da ita cikin murfin akwatin abincinsa yadda na same ta, ba sa hannu, gurbin nan babu komai a ciki.

Taki har kullum,
Darla